Gyaran gidan kakanmu da ɗan lambun da na kafa a bayansa

Tun da aka gama kaka nake ƙauye, can wajen Bunkure, ina fama da gyaran gidan da kakanmu ya bari. Gidan ƙasa ne, zaure da soro biyu sai ɗakunan cikin gida, kuma tun rasuwar Goggo ba mai kwana a ciki, to kowa dai ya san gidan ƙasa in ba mutum a ciki damina biyu ma ta ishe shi. Katangar gabas ta zube a markar Agusta, indararo ɗaya ya karye ruwa ya dinga bin jikin bango yana cinsa har sai da ya yi rami.

Da muka zauna da 'yan uwa yawanci cewa suka yi a rushe kawai a zuba bulo a buga kwano a huta. Ni kam ban yarda ba, kuma ba wai tsadar siminti kaɗai ba ce ta hana ni. Duk wanda ya taɓa yin bazara a ɗakin kwano, watan Maris da Afrilu, ya kuma shiga soro da tsakar rana ya san bambancin, bangon nan mai kauri yana riƙe sanyin dare har la'asar, in hunturu ya zo kuma ɗumi za ka ji. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina tun ƙarni na 19 ai da ƙasa ya gina shi, Gidan Makama na Kano ma haka. Ginin ƙasa kulawa yake so, shi ke nan.

Wani dattijon magini na samo a ƙauyen gaba da mu, Baba nake ce masa. Ranar farko bai ce komai ba sai da ya bi azarar rufin ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Azarar giginya ce, gara ba ta cika cinta ba, shi ya sa mafi yawansu suna nan garau, waɗanda bakinsu ya ruɓe inda ruwa ya zauna su kaɗai aka canja. Samo sabbin kuwa wallahi sai da muka sha yawo, giginya ta yi ƙaranci, ana ta sarewa ba a dasawa, kuma itace ce mai jinkirin girma sosai. Abin nan yana damuna gaskiya.

Inda aka ɗan yi gardama shi ne yaɓe. Samarin da ke taya aiki suka ce a shafe bangon da siminti ya yi sumul a yi fenti. Baba ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, siminti da ƙasa ba sa zaman aure." Ya nuna min wani gida a layinmu da aka yi wa hakan, simintin ya tsage, ruwa ya samu hanya ya shiga ta baya kuma ba shi da mafita, ƙasar ta jiƙe a ciki ba wanda ya gani, rana ɗaya ɓawon ya ɓanɓaro gaba ɗaya da rabin bangon. Don haka makuba muka yi, ɓawon ɗorawa ake jiƙawa a kwaɓa ƙasar yaɓen da ruwansa, yana sa ruwan sama ya zame. Ba ya dawwama, bayan 'yan shekaru sai an sake, amma bangon yana shan iska ya bushe.

To duk wannan aikin ruwa yake ci ba kaɗan ba. A jiƙa jar ƙasa, a tattaka, a zuba yankakkiyar ciyawa, a bar ta ta kwana biyu a sake jiƙawa a sake takawa kafin a mulmula tubali a shanya. Ga shi gidanmu ba ya kusa da hanyar ruwan Tiga da mutanen Kadawa da Kura suke noman rani da ita, rijiya ɗaya ce tal a tsakar gida, kuma da ita nake ban ruwan lambu. Gini aikin rani ne, tumatir ma rani yake so, duk lokaci ɗaya suka haɗe min. Yadda muka sasanta, da asuba lambu ne ke fara sha, sannan magina su ja nasu, a bar rijiyar ta tara kafin yamma. Yanzun da aka shiga Fabrairu ta fara ja baya, na rage fangali biyu na latas saboda ita.

Lambun a tsohon turken awakin Goggo na yi shi, wurin da taki ya shekara da shekaru yana taruwa, ƙasar baƙa ƙirin, toka kawai na ƙara. Na yi renon tumatir a Oktoba na dasa bayan wata guda, ga albasa, attarugu, alayyafo da ba ya ɗaukar lokaci ka fara tsinka, sai zogale da na jera a jikin shingen kara saboda awakin maƙwabta. Baba ne ya hana ni matso da fangali kusa da katanga, ya ce danshin ban ruwa zai bi ƙasa ya ci gindin ginin, sai na bar fili mai ɗan faɗi tsakani.

Abin da nake tsoro shi ne tsutsar nan da manoma suke kira Sharon, wadda ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016 har farashi ya hau sama. Cikin ganye take shiga da cikin ɗan tumatirin, shi ya sa feshi ba ya kai mata da sauƙi. Ƙaramin lambu yana da wannan rangwamen, kullum ina bin ganyen ina dubawa, wanda na ga farin zane a jikinsa in tsinke in ƙona, sannan in daka 'ya'yan dalbejiya in jiƙa su kwana in tace in fesa da yamma. Zuwa yanzu Alhamdulillah.

Wani abokina ya ce min wahalar me, tumatir a kasuwar Kwanar Gafan a wannan lokacin ai kamar kyauta yake. Gaskiyarsa, amma miyar magina daga lambun take fita kullum, kuma lambun ne ya sa nake kwana a gidan maimakon in zo in duba aiki in koma birni, da ina nan kuwa nake ganin duk inda bango ya fara tsagewa tun yana ƙarami.

Saura rufin soro na biyu da sabbin indararo, kuma dole a gama kafin ruwan farko. Mun shirya a ja 'yar kwata daga ƙarƙashin indararon ta kai ruwan can bayan gida inda zan shuka kuɓewa da yakuwa da rama in damina ta sauka, in Allah ya kai mu.