Kunyar 'yar fari da kwanciyar jaririya

Na haihu a watan Disamba na 2024, hunturu na tsakiyar kaɗawa. Da yake haihuwar fari ce, kwana biyu da sallamo mu daga asibiti a Birnin Kebbi aka kwashe ni zuwa gidanmu a Argungu wankan jego. Bayan mota cike yake taf da kayan da na yi wata biyar ina tarawa: baho mai ɗan wurin jingina, fulas biyu, shawul har kala huɗu, bargo mai gashi mai nauyin tsiya, ƙaramin filo mai rami a tsakiya wai don kada ƙeya ta baje, da katifar nan mai laushi mai rumfar raga da ake zugewa, wadda duk wata mai jego a garin nan sai ta ɗauki hoton ɗanta a ciki. Har da keken koyon tafiya, gudummawar abokin maigidana, ga yarinya ko cibiyarta ba ta faɗi ba.

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai yi mamakin abin da ya fi ba ni wahala a kwanakin nan arba'in. Ruwan zafi na jure, kunun kanwa na sha. Bakina ne ya ɗaure. A wajenmu 'yar fari ba taki ba ce a gaban manya. Ba ki kama sunanta, ba ki ɗauke ta kina yi mata wasa, in ta yi kuka sai an ce miki "ke, ba ta nono" sannan ki miƙa hannu kamar an tilasta ki. To ina mai wannan kunya za ta buɗe baki ta ce wa mahaifiyarta ba haka ake kwantar da yaro ba?

Ga shi kuwa tun daren farko Inna ta gama yi mata wanka, ta shafe ta da man kaɗanya, ta naɗe ta cikin shawul biyu, ta kifa ta ruf da ciki a kan katifar rumfa, ta ja bargo har wuya. Kasko na ci da gawayi a kusurwar ɗaki, ƙofa da taga a rufe. A wajen awo an sha nanata mana cewa jariri a rigingine ake kwantar da shi, dare da rana. Ina kwance ina kallon silin har na ji numfashin Inna ya sauya, na lallaɓa na juya yarinya. Da asuba ta gani.

"Wa yaj juya ɗiyag ga?"

Na yi shiru.

"Ku bakwai nih haihwa, duk haka nik kwantar da ku. Mi yas same ku?"

Hujjojinta ba na banza ba ne, shi ya sa ma na kasa amsa. Yaron da aka kifa ya fi daɗewa yana barci. Ƙeyarsa ba ta bajewa. Kuma babban tsoronta, in yana rigingine ya yi tumbiɗi, ai ƙwarewa zai yi. Daga baya, da na zauna na karanta, na gano likitocin Turawa ma da wannan tsoron suka yi shekaru suna cewa a kifa jarirai. Sai da aka lura yara lafiyayyu suna mutuwa cikin barci babu ciwon komai, aka bi diddigi, aka ga kwanciyar ruf da ciki tana da hannu a ciki. Ingila ta soma gangamin kwantar da jarirai a rigingine a 1991, Amurka ta bi a 1994, kuma cikin 'yan shekaru irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Ta fi aukuwa tsakanin wata biyu zuwa huɗu, mafi yawanta kafin yaro ya cika wata shida. Shi barcin nan mai nauyi da muke yabo, shi ne abin tsoron: yaron da hancinsa ya nutse a katifa yana sake shaƙar iskar da ya fitar, kuma barcin ya yi masa nauyin da ba zai farka ya ɗaga kai ba.

Amma Ingila da Amurka ba hujja ba ce a ɗakin Inna. Abin da na yi, ranar da muka je duba cibiya bayan suna, na riga ta shiga wurin malamar asibiti, wata dattijuwar ungozoma da za ta yi sa'ar Inna, na raɗa mata halin da nake ciki. Ta yi dariya ta ce ba ni ce ta farko ba. Da Inna ta shigo da yarinya, matar nan ba ta ko kalle ni ba. Ta gaishe ta da Hajiya, ta yaba yadda cibiya ta bushe, sannan ta kwantar da yarinyar a kan tebur ta sa yatsa a wuyanta.

"Hajiya, hanyar iska ga ta nan ta gaba, hanyar abinci tana bayanta. In tana rigingine, tumbiɗi ya taso, nauyinsa zai mai da shi ƙasa, hanyar abinci. In kin kihwa ta, hanyar iska ce ta koma ƙasa, can zai gangara."

Inna ta yi shiru tana kallon yatsan. Sai ta ce, ƙeya fa? Malama ta ce idan yarinya idonta biyu, kuma da babba zaune a kanta, a kifa ta a kan tabarma ko a ƙirji na ɗan lokaci, sau biyu sau uku a yini. Wuya zai yi ƙarfi, ƙeya ta huta. Barci ne dai ba a yi a haka. Kafin mu iso gida maganar ta zama ta Inna. Washegari na ji tana yi wa Gwaggo faɗa don ta kwantar da yarinya a gefe ta tokare ta da filo, tana cewa yaran yanzu ba a yi musu haka. Ban ce uffan ba.

Kasko ya fi wuyar fita. Sanyin Argungu a Janairu, kusa da gulbi, ba wasa ba ne, kuma a ganin manya sanyi shi ne babban abokin gabar mai jego da jaririnta. Matsalar gawayi ita ce iskar da yake fitarwa ko da ya ruru babu hayaƙi: ba ta da wari, ba ta da launi, irin wadda ke kashe mutane a ɗakin da aka kwana da janareta. Babba zai tashi da ciwon kai, jariri kuwa ba shi da bakin faɗa. Ni kaina na yi kwana uku ina tashi da kai kamar zai tsage, ana ce mini jini ne. Baba ne ya raba gardamar, shi da ba ya shiga sha'anin mata. Ya ce a ɗumama ɗaki da magariba taga a buɗe, a fitar da kasko tsakar gida kafin a kwanta. Turaren wuta ma haka, sai an fita da yarinya ake sa shi. Ciwon kaina ya tafi.

Shawul biyu da bargo da hula kuwa, ƙa'idar da malama ta ba mu mai sauƙi ce: abin da ke jikinki, ki ƙara mata riga ɗaya. Kada a auna da tafin hannu ko ƙafa, waɗannan kullum da sanyi suke. A taɓa ƙirji ko bayan wuya. In da gumi, a rage. Hula ta fita waje ce, a ɗaki cire ta ake yi lokacin barci, don ta ka jariri yake fitar da zafi. In za a lulluɓe, zani mara nauyi, iyakarsa ƙirji, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa.

Da muka yi arba'in muka koma Birnin Kebbi, maigidana ya riga ya sa kafinta ya yi gado. Na ba shi awo ta waya: tsakanin sanda da sanda kada ya wuce santimita 6, don kada kan yaro ya shige. Katifa mai tauri, wadda in ka danna ba ta lotsawa, kuma ta cika gadon, kada yatsu fiye da biyu su shiga tsakaninta da katako. Kafintan ya so ya manna soso a jikin sandunan don kwalliya, muka ce a'a. Amurka ta haramta sayar da irin wannan soson gefen gado a 2022, tare da gadajen jarirai masu gangara, bayan wani samfurin kamfanin Fisher-Price da aka janye daga kasuwa a 2019, guda miliyan 4.7, saboda jariran da suka mutu a cikinsa. Na ambaci wannan ne don kayan gwanjo da ke shigo mana. Abin da aka hana a can yana iya ɓullowa a kasuwarmu da kyansa da arharsa.

Gadon a gefen namu yake, in na miƙa hannu ina taɓa ta. Babu filo a ciki, babu 'yar tsana, babu komai sai zanin gado a ɗame. Gidan sauro mai magani a sama, a cuse gefensa ta ko'ina don kada ya sauko mata a fuska. Wannan ba abin sakaci ba ne a jiharmu: binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi da aka gwada, babu jihar da ta kai mu. Shi ya sa da aka kawo allurar riga-kafinsa a Disamba 2024, da Kebbi da Bayelsa aka fara. Tana cika wata biyar na kai ta aka yi mata ta farko, gidan sauro kuma yana nan inda yake.

Duk wannan tsari, ni da kaina na kusa rushe shi. Cikin azumin 2025 ne, a watan Maris, tana gab da wata uku. Na tashi dafa sahur, ta farka da kuka, na ce bari in zauna a doguwar kujerar falo in ba ta nono don kada barci ya ɗauke ni a gado. Ban san lokacin da ya ɗauke ni ba. Ƙaurin shinkafa ne ya tashe ni. Na duba cinyata babu yarinya. Ta zame ta gefe, ta shige tsakanin ƙuguna da jikin kujera, fuskarta a manne da soso. Na fizgo ta, jikinta zafi, fuska ta yi ja, sai ta ja wani dogon numfashi ta tsala ihu. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin na ranar ba. Har aka kira salla hannuna bai daina rawa ba.

Abin da ban sani ba a lokacin, kujera ta fi gado hatsari nesa ba kusa ba. Dabarar da na ɗauka ta tsaro ita ce mafi muni. Tun daga ranar, nonon dare a kan gado nake ba ta, bayan na ture filo da bargo can nesa, in kuma na farka na ga mun yi barci tare, in mai da ita nata gadon. Ba zan yi ƙaryar cewa ba mu taɓa kwana tare ba, mai shayarwa ta san yadda dare yake. Amma ranar da na sha maganin mura mai sa barci, maigidana ne yake miƙo ta ya kuma mai da ita. Da na ba Inna labari ta waya, ta yi salati ta ce ai dalilin da ya sa tsohuwa take kwana ɗakin mai jego ke nan tun zamanin iyayensu, don kada yarinya mai nauyin barci ta danne ɗanta. Ashe sun san abin, suna ne dai ba su ba shi na asibiti ba.

A cikin kayan da suka cika mota, waɗanda suka yi aiki ba su da yawa. Zanin goyo da majanyi sun fi komai, sai dai na koyi kada in rufe ta ruf da hijabi, musamman a zafin Afrilu da yake haura digiri 40, kuma in riƙa dubawa haɓarta ba ta manne da ƙirji ba. Fanka mai caji ta biya kuɗinta. Baho, fulas ɗaya, rigunan auduga. Naɗewa da shawul na daina tun da ta fara yunƙurin juyawa. Kwalli na hana a sa mata, don akwai irinsa mai dalma a ciki, kuma wanda ya ji abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na maƙwabciyarmu Zamfara a 2010 ba ya wasa da ita. A nan ma an sha kunya da Gwaggo. Keken koyon tafiya yana cikin kwalinsa, Kanada ta haramta shi tun 2004 saboda yaran da ke kifewa da shi ko su kai ga abin zafi, mu kuma da murhu da rijiya a tsakar gida.

Tana wata biyar da 'yan kwanaki na leƙa gadon da tsakar dare na tarar ta juya da kanta ta kife, gindi a sama. Gabana ya faɗi, na mai da ita, ta sake juyawa. A wajen riga-kafi aka ce mini in ci gaba da kwantar da ita a rigingine har ta shekara, amma tunda tana iya juyawa gaba da baya da kanta, in ta kife in ƙyale ta, muddin gadon babu komai a ciki.

Ƙanwata ce ke da ciki yanzu. Inna ta aiko a tambaye ni ko gadon katako zai shiga bayan mota zuwa Argungu, ta ce katifar rumfar kuwa in bar ta a inda take.