Abin da na koya a ɗakin bakwaini

'Yata ta zo duniya a mako na 30, nauyinta bai kai giram 1,500 ba. Ranar da likita ta ce za a riƙa zuba wani gari a cikin nonon da nake tatsa, sai zuciyata ta karye, domin na ɗauka nonona ne bai da kyau.

Daga baya na fahimci cewa a watanni ukun ƙarshe na ciki ne jariri ke tara mafi yawan kalsiyam da fosfarus na ƙashinsa, kuma bakwaini ya rasa wannan lokaci, shi ya sa nono kaɗai ba ya cika masa buƙatarsa ta furotin da ma'adanai. Garin yana cike wannan giɓi ne. Amma nonon uwa yana ɗauke da sinadaran homon irin su insulin da leftin, masu hannu a girma da sarrafa abinci, kuma yana rage haɗarin mummunan ciwon hanjin da ke kama bakwaini.

Don haka na ci gaba da tatsa dare da rana, ko da na gaji. Alhamdulillahi, jiya ma'aikaciyar jinya ta auna ta a gabana, ta kai kilo 2.