Kilimanjaro ba ya son gaggawa

Kafin in je Tanzaniya dutsen da na taɓa hawa bai wuce Dala da Goron Dutse ba. Shi kuwa Kilimanjaro mita 5,895 ne, ya ninka Chappal Waddi na Taraba har da ɗoriya, kuma shi ne mafi tsawo a duk Afirka.

Daga garin Moshi muka tashi, muka bi hanyar Machame, kwana 7. A can doka ce sai da jagora, namu kuwa magana ɗaya ce a bakinsa, pole pole, wato sannu sannu da Suwahili. Ranar farko cikin daji har haushi nake ji don ƙafata na so ta yi sauri, shi kuma yana tafiya kamar mai rakiyar amarya.

Sai a rana ta uku na gane. Muna isa Lava Tower, wajen mita 4,600, kaina ya fara sarawa kamar ana buga ƙusa ta ƙeya, zuciya na tashi, aka ajiye min miya mai zafi na kasa kai cokali biyu, ɗaure igiyar takalmi kawai sai na tsaya ina haki. Jagoran ya maƙala min ɗan na'ura a yatsa ya auna iskar jinina ya ce ɗan'uwa kar ka ɓoye min komai, in ciwon ya ƙaru sauka za mu yi. Wallahi na ji daɗin wannan maganar. Iskar sama ta yi ƙaranci, a ƙololuwa abin da mutum ke shaƙa kusan rabin na bakin teku ne, kuma ba ruwanta da ƙarfinka, jiki lokaci yake nema ya saba. Shi ya sa aka gangaro da mu sansanin Barranco muka kwana ƙasa da inda muka kai. Da safe kan ya lafa.

Daren hawa ƙololuwa mun bar sansanin Barafu da sha biyun dare, tocila a goshi, safa biyu, riga kan riga har biyar, ruwan gorata ya fara ƙanƙara tun kafin ƙarfe uku. Ba na ganin komai sai dugadugan wanda ke gabana, taku ɗaya numfashi biyu, ina salati a zuci don baki ya ƙi motsi. Mun yi kiciɓis da wani saurayi ƙaƙƙarfa an riƙo shi ta hammata ana saukowa da shi, har yau ina tuna fuskarsa.

A Stella Point, dab da ƙololuwa, gari ya waye mana, a zaune na yi asuba da taimama, gajimare na can ƙasa da mu. Uhuru kuwa, wato ƙololuwar dutsen, minti 15 kacal muka yi. Da muka dawo Barafu masu dakon kayanmu, waɗanda kullum suke wuce mu da buhu a ka su kafa tanti kafin mu iso, su suka tarbe ni da shayi, ɗaya ya durƙusa ya kwance min takalmi don yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa.