Shekara shida a gefen na'urar fasa tsakuwa

Jiya na miƙa makullin ɗakin fasa tsakuwar ƙoda. Yarinyar da za ta gaje ni ta roƙe ni in rubuta mata abin da ya kamata ta kiyaye. Na ɗauki biro zan jero, sai na tarar wani dattijo ɗaya ne ya cika mini kai.

Ya haura sittin. Tsakuwarsa ba ta kai santimita ɗaya da rabi ba, kuma ta fito sarai a hoto, irin wadda muke murna da ita, don bugu 2,500 zuwa 3,000 na igiyar ƙarfin da na'urar ke aikawa daga wajen jiki kan mayar da ita yashi. Ranar mutum tara aka jera mana, shi ne na bakwai. Na ce, "Baba, kuna shan wani magani?" Ya ce, "A'a 'yata, lafiyata lau, sai dai ciwon kwiɓin nan." Na sa alama a takarda na wuce. Ashe shekara huɗu ke nan yana haɗiyar asfirin da wani maganin tsinka jini saboda zuciyarsa. A wurinsa waɗannan sun daina zama magani, sun bi jiki. Magani shi ne abin da ake ba mutum in ya kwanta ciwo.

Da daddare aka dawo da shi ranga-ranga, gumi na karyo masa, idonsa fari fat, awon jininsa ya faɗi. Hoto ya nuna jini ya taru ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe ƙodar. Leda uku aka ƙara masa, ya yi kwana tara a gado. Allah Ya sa ba a cire ƙodar ba. Abin da har yau yake tsaya mini a rai shi ne 'yarsa, tsaye a baranda da ƙullin magungunansa a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Ai ina zaune a bakin ƙofa, da kin tambaye ni."

Laifina ne, ban taɓa musu ba. Amma ba nawa kaɗai ba ne. Babban likitanmu ne ya ga Baba mako biyu kafin nan ya rubuta masa rana. Shi ne kuma da ya ga rana ta yi, ya leƙo ya ce mu bar wannan lallaɓawar ta farawa da ƙaramin ƙarfi, mu ɗaga gudun zuwa bugu 120 a minti mu sallami jama'a. Shi da kansa ya koya mana cewa farawa a hankali da ɗan dakatawa ne ke sa jijiyoyin ƙoda su tsuke, ɓarnar ta ragu. Mutum ne mai son tara ɗalibai yana ba su labarin yadda aka yi wa mutum na farko wannan aiki a Munik ta Jamus a 1980, da na'urar kamfanin Dornier mai ƙera jiragen sama, majinyaci kwance cikin kwamin ruwa. Ya san tarihin kamar yunwar cikinsa. A taron bitar abin da ya faru kuwa, sunana kaɗai ya karanto. Aka ba ni takardar neman ba'asi, na amsa, na sa hannu. Ban ambaci bugu 120 ba, don a lokacin ba a daɗe da tabbatar mini da aiki ba, kuma duk waɗanda suka ji shi ya faɗa sun sunkuyar da kai.

Daga ranar na daina tambayar ko ana shan magani. Cewa nake yi a zo mini da duk abin da ake haɗiya, in zazzage a kan tebur in duba ɗaya bayan ɗaya. Sau nawa na tsinci warfarin, maganin tsinka jini, a ciki! Mace kuwa, ko ta rantse, sai an yi gwajin ciki. Mai zazzaɓi ko ƙwayar cuta a fitsari sai ya warke tukuna.

Sauran kaɗan ne, ƙanwata. Ki shafa jel tsakanin na'ura da fatar majinyaci da hannunki ki tabbata babu kumfa, don iska tana tare bugun. Ki tsaya tsakanin bugu 60 da 90 a minti, ko wa ya leƙo. Ki riƙa duba allo, numfashi yana gusar da tsakuwa daga saiti. Wadda ta haura santimita 2, ko ta wuce 1,000 a ma'aunin tauri na hoton CT, ko ta sistin, wani nau'in tsakuwa mai wuyar fashewa, kada ki yi wa mai ita alkawari. Ki gaya wa kowa zai ga jini a fitsari kwana ɗaya ko biyu, kuma ɓarɓashi kan yi jerin gwano ya toshe bututun fitsari, abin da Jamusawa suka kira titin duwatsu. In zazzaɓi ya zo ko fitsari ya tsaya, ya dawo ko tsakar dare ne.

Bara aka buga dokar zuwa da magunguna aka manna a ƙofar sashen. Sa hannun babban likita ne a ƙasa. Wajen bankwana jiya ya nuna wa baƙi ita, ya ce tun lamarin dattijon nan ya ga ya kamata ya ɓullo da tsarin. Ina tsaye kusa da shi, riƙe da kofin da suka ba ni kyauta.