Kafaɗar mai kyamara

Ranar da aka fara karanta rubutuna na wasan barkwancin talabijin a gaban 'yan wasa, shafi shida na kawo, ina ji a raina kowane layi sai ya kayar da mutum. Muka kewaye tebur, kowa da takardarsa. Shafi na farko, tsit. Na biyu, wani ya yi tari. Sai a na huɗu ɗakin ya ɓarke da dariya, kuma ba don abin da na rubuta ba. Dattijon da ke fitowa a maigida ne ya iso wurin da matarsa ke tambayarsa ina albashi, sai ya yi shiru, ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya mayar. Amsar da na kwana biyu ina sassaƙawa, ko furta ta bai yi ba.

Da aka tashi ya ja ni gefe. "Ɗana, ka cika surutu a takarda. Ka riƙa bar wa fuska wuri." Na ce, "To, Baba," amma zuciyata tafasa take.

Na shigo harkar ne da taƙamar ni ke kashe abokai da dariya a wurin hira. Ashe hira daban, talabijin daban. Shirin rabin awa, in an cire tallace-tallace, bai wuce minti 22 zuwa 25 ba, shafi ɗaya kuma kusan minti ɗaya yake ci. Kowane mako sai ka cika waɗannan shafuka, ko haƙori ke maka ciwo, kuma yawancinsu kwandon shara za su. Abin ya daina yi mini zafi da na san cewa a shirin barkwanci na Saturday Night Live na Amurka, wanda ake yi tun 1975, ranar Laraba akan karanta gajerun wasanni kusan 40, amma waɗanda ke fita daren Asabar ba su cika wuce goma ba.

Daga baya na daina farautar zance mai ban dariya, na koma farautar mutum. Usman Baba Pategi ya yi aikin soja kafin duniya ta san shi da Samanja, shi ya sa ko tsawa ya daka sai ka ji barikin a bakinsa. In ka san halin mutum sosai, rowarsa, tsoronsa, ƙaryar da yake yi wa kansa, raha da kanta take zuwa.

Fitowata gaban kyamara kuwa tsautsayi ne: wani ɗan wasa bai zo ba, darakta ya ce ai ni na san layin. Nan na ga abin da ban taɓa tunani ba. Babu 'yan kallo. Ma'aikata kuma an hana su dariya, don makirfo na kwashe komai. Ka saki maganar da kake alfahari da ita, ba abin da ke amsa maka sai zafin fitilu. Ga maimaici: a ɗauka na bakwai, saboda inuwar makirfo ta leƙo ko wani ya manta layi, kai kanka zancen ya gundure ka, amma dole ka faɗe shi kamar yanzu ya faɗo maka. Don a samu masu dariya, tun 1951 masu shirin barkwancin Amurka I Love Lucy suka riƙa ɗauka da kyamara uku a gaban jama'a. Wasu kan liƙa dariyar na'ura daga baya. Ni dai ina ganin rufa-rufa ce kawai.

Mu da ba mu da jama'a, sai na samo ma'aunina: kafaɗar mai kyamara. Mutum ne da ya ga komai, ba ya dariyar kara. In ina wasa na hango ta gefen ido kafaɗarsa na girgiza yana danne baki, wannan ɗaukar ce nake bi har ɗakin tacewa, in zauna kusa da edita, in roƙe shi kada ya taɓa daƙiƙa biyun nan na shiru kafin amsa.