Ranar tantance 'yan wasa

Asabar, da daddare.

Yau muka tantance waɗanda za su fito a wasan kwaikwayonmu na watan Maris. Ƙarfe tara aka buɗe zauren, ƙarfe goma aka kira mutum na farko. Mutum 26 suka zo neman gurbi tara, biyar na mata, huɗu na maza, kuma 19 daga cikinsu mata ne. Kusan kullum haka abin yake a ƙananan ƙungiyoyi irin tamu, shi ya sa tun wajen zaɓen wasa ake fara ƙirga maza nawa yake buƙata kafin a ƙwallafa rai a kansa.

A bakin ƙofa kowa ya cike fom: suna, lambar waya, rawar da yake so, ko zai karɓi wata idan bai samu wannan ba, sai ranakun da ba zai iya zuwa gwaji ba. Layin ƙarshen nan ya fi duk sauran muhimmanci. Lissafin da masu harkar suka saba yi shi ne kowane minti ɗaya a kan dandali yana cin kusan awa ɗaya na gwaji. Wasanmu minti 70 ne. Mako takwas, sau uku a mako, awa uku kowane zama, ya ba mu awa 72, ke nan babu wani rarar kirki. Wanda zai rasa zama shida, komai iyawarsa, ba za a ɗora masa babbar rawa ba, domin ranar da bai zo ba duk waɗanda suke fitowa tare da shi zaman banza za su yi.

Minti bakwai muka ware wa kowa. Ana miƙa masa shafi ɗaya da aka ciro daga wasan ya duba a waje na minti goma, ba a ce ya haddace ba. In ya shigo, mutum guda ne yake karanta masa ɗaya ɓangaren, kuma shi ɗin ne ya karanta wa kowa daga farko har ƙarshe da murya iri ɗaya, don kada wani ya samu abokin karatu mai zafi wani ya samu mai sanyi. Darakta tana zaune a tsakiyar zaure, ni kuma a layin kujeru na ƙarshe, aikina kawai in rubuta ko na ji kowace kalma.

A nan aka fi faɗuwa. Wanda ya saba ganin fim yana magana ƙasa-ƙasa kamar akwai makirufo a gaban bakinsa, in an ce ya ɗaga murya sai ya koma ihu daga maƙogwaro. Mai yin haka kafin dare na biyu muryarsa ta dishe. Daga ciki ake turo numfashi, a buɗe baki, a ƙarasa ƙarshen kalma. Da yawa suna fara jimla da ƙarfi, sai numfashi ya ƙare musu su haɗiye kalmomi biyun ƙarshe, alhali sau tari a nan ma'anar take. Wasu kuma sun kafa takarda a gaban fuska, sai saman kansu muke gani. Takarda a daidai ƙirji ake riƙe ta, babban yatsa a kan layin da ake, a ɗauki jimlar da ido sannan a ɗago a faɗe ta ga abokin magana.

Karatun farko ba shi muke aunawa sosai ba. Bayan an gama, darakta takan canza umarni ta ce a sake, kuma wannan na biyun ne yake nuna wanda za a iya aiki da shi. Wani dattijo ya karanta rawar uban da ɗansa zai bar gida, ya yi ta da faɗa da nuna yatsa. Ta ce masa, "Baba, a sake mana, amma yanzu akwai mara lafiya yana barci a ɗakin da ke kusa, kuma ba ku so yaron ya gane kuna tsoro." Ya yi shiru, ya ajiye takardar a kan kujera, ya goge tafin hannunsa a jikin rigarsa, sannan ya fara. Muryar ta sauka amma har inda nake ina jin komai. Wata budurwa kuwa da ta fi kowa daɗin karatu, sau uku ana canza mata umarni tana maimaita abu ɗaya, har inda take ɗaga gira bai canza ba. Ta riga ta daskarar da abin a gaban madubi. Na ji mata, don ta yi aiki, amma mako takwas ba zai isa a warware wannan ba.

Bayan ƙarfe biyu muka zauna mu uku da fom-fom ɗin. Mutum 12 za a sake kira ranar Talata a haɗa su bibbiyu, a ga ko uwa da 'ya sun yi kama da uwa da 'ya in sun tsaya tare, ko muryoyin maza biyu sun yi kusa har mai kallo ya kasa bambance su. Waɗanda ba su samu ba, waya za a buga wa kowannensu kafin a liƙa suna, kuma da tayin aiki na gaske: mai tunasar da layi, mai kula da kayan dandali, ɗinkin sutura, fitilu. Har yanzu ba mu da mai fitila na biyu, ga shi muna bin tsarin da masanin fitilun dandali Stanley McCandless ya bayyana a 1932, fitila biyu ga kowane yanki na dandali, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, kowace a kusurwar digiri 45. Yanki shida, fitila 12, muna da goma masu aiki.

Za mu buɗe ranar 27 ga Maris, Ranar Wasan Kwaikwayo ta Duniya da ake yi tun 1962, dare uku a jere. Takardar izinin marubucin ta iso, sai da ta zo muka sa ranar tantancewa, domin kasancewarmu 'yan sa-kai bai ɗauke mana haƙƙin mallaka ba, kuma izinin bai yarda a sauya ko layi ɗaya ba. A Yuni akwai gajerun wasanni uku na minti 20 kowanne don sababbin daraktoci, a can nake sa ran ganin da yawa daga matan da suka rasa gurbi yau. Wasan yara sai ƙarshen shekara.

Ƙarshen mako na huɗu kowa zai ajiye takarda, wato ya haddace layukansa, mako na takwas na fitilu ne da sutura. Gobe da safe zan buga jadawalin, in manna tef a ƙasan zauren daidai faɗin dandali da wurin ƙofofi biyu.