Abin da ke hana tauraron niyutron durƙushewa

A shekarata ta ƙarshe a sashen fiziks na Jami'ar Jos, aikin da na ɗauka shi ne gina tauraron niyutron, wato dunƙulalliyar cibiyar da ke saura bayan babban tauraro ya fashe, a kwamfuta. Daga cibiya ake farawa. Ka zaɓi cunkoson da kake so, wato yawan nauyin da ke matse a ɗan wuri, sannan ka riƙa fitowa waje taki-taki da lissafin da Tolman da Oppenheimer da Volkoff suka bari tun 1939, har matsi ya koma sifili. Nan tauraron ya ƙare, sai ka karanta nauyinsa da faɗinsa.

Na fara da mafi sauƙi, niyutron zalla, wato ƙananan ƙwayoyi marasa caji da ke cikin atam, waɗanda ba ruwan wani da wani, dokar Pauli kaɗai ke hana su taruwa a gurbi ɗaya. Duk yadda na ƙara cunkoso, nauyin bai wuce 0.7 na nauyin rana ba. Da na nuna wa malamina, ya ce, "Ɗana, lissafinka daidai ne, wannan lambar Oppenheimer da Volkoff suka samu. Yanzu je ka duba abin da sama ta ce."

Abin da na tarar ya girgiza ni. A 2010 an auna wani tauraron niyutron mai suna PSR J1614-2230, nauyinsa ya kusa ninki 2 na rana. Ke nan dokar Pauli ba za ta iya ɗaukar wannan kaya ita kaɗai ba. Ƙarfin nukiliya ne, mai riƙe ƙwayar atam a haɗe, wanda ke komawa tunkuɗa idan an matse niyutron sosai, yake tallafe tauraron.

Nan aikin ya yi zafi, kuma nan ya yi daɗi. Cunkoson ƙwayar atam mun san shi, wajen tan biliyan 270 a lita guda, amma cibiyar tauraron ta ninka haka, kuma babu ɗakin gwaji a duniya da ke iya riƙe irinsa. In na taurara matsin, tauraron ya ɗauki nauyi amma ya kumbura. Karon taurari biyu da na'urorin LIGO da Virgo, masu jin girgizar sararin samaniya, suka kama a Agustan 2017 kuwa ya nuna kumburin na da iyaka. In na sassauta, sai ya kasa kai nauyin rana 2.

A ɗan tsakanin nan, daga cibiya zuwa fata wajen kilomita 12 ne, bai kai Jos zuwa Bukuru ba. A cikinsa masana ke muhawara ko niyutron sun narke sun zama kwak, wato ƙananan ɓarɓashin da suka haɗu suka yi niyutron.